Sabunta wayarin gida da aiki a katangar iyaka: tambayoyi da amsoshi

Da zarar an kawar da amfanin gona, riɗi da gyaɗa sun shiga kasuwa, kuɗi ya ɗan zauna a hannun magidanta, sai aikin gini ya tashi a garuruwanmu na karkarar Kano da Jigawa. Wani zai rushe katangar ƙasa da damina ta cinye ya tayar da ta bulo, wani zai sauke azara ya buga kwano, wani kuma ya gaji da ƙaurin roba da yake ji a ɗaki, yana so a sake masa wayarin. Na daɗe ina aikin lantarki a gidajen ƙauye tare da magina, kuma tambayoyin nan su ne waɗanda aka fi yi mini. Na haɗa su wuri guda saboda ayyukan biyu sukan haɗu a jikin bango ɗaya, wanda sau da yawa ba na mutum ɗaya ba ne.

Ta yaya zan gane cewa wayarin gidana ya gaji, ba ɗan gyara kawai yake buƙata ba?

Alamun ba su ɓuya ga wanda ya kula. Soket ya yi baƙi ko yana zafi idan an taɓa shi, ana jin ƙauri lokacin da aka jona dutsen guga, fis yana yawan ƙonewa har an gaji an ɗaura masa waya mai kauri, ko kuma ƙofar ƙarfe da bangon ɗaki suna jan mutum idan an yi ruwan sama. Idan aka lanƙwasa tsohuwar waya rigarta ta tsage maimakon ta lanƙwasu, to robar ta mutu, kuma salatif ba zai raya ta ba.

Gidaje da yawa an yi musu wayarin tun zamanin NEPA, lokacin da kayan wutar gidan ba su wuce ƙwan fitila uku da rediyo ba. Yau gidan nan yana ɗauke da firji, fankoki, hitar dafa ruwa, wani lokaci har da injin markaɗe, duk a kan wayar da aka ja domin fitila. Idan alama ɗaya ce a wuri ɗaya, gyara ya wadatar. Idan kuwa an ga biyu ko uku a ɗakuna daban-daban, musamman in ɓeraye sun yi gida a cikin silin, shawarata ita ce a sake aikin gaba ɗaya.

Wanne ya kamata a fara, ginin ko wayarin?

A fara da magana da maƙwabci, sannan gini, sannan waya. Amma a kira mai wayarin tun kafin birkila ya aza bulo na farko, domin su zauna tare su tsayar da inda akwatin rarraba wuta zai zauna, inda soket da makunni za su faɗo, da hanyar da bututun waya zai bi. Bututu yana shiga ne kafin filasta. Wanda ya jira aka gama yaɓe da fenti sannan ya kira mai wuta, zai biya kuɗin sassaƙe bangon da ya riga ya biya kuɗin gyarawa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga bayan kaka zuwa kafin saukar ruwan farko. Sai dai iskar hunturu tana busar da siminti kafin ya kama, don haka a riƙa ba sabon gini ruwa safe da yamma har tsawon kwana 7.

Katangar da ke tsakanina da maƙwabcina, ta yaya za a san mai ita?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata kowa ya fara yi, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Katangar iyaka takan zama ɗaya daga cikin uku: ko tana cikin filinka kai ka gina ta, ko tana cikin filin maƙwabci shi ya gina, ko kuma tana zaune a kan iyaka an yi ta da kuɗi ko ƙarfin gidajen biyu. Matsalar ita ce a ƙauye yawancin katangu sun gaji danga ne, dangar kuma an kafa ta tun zamanin kakanni, kowace shekara tana ɗan matsawa idan an sabunta karan.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka ta gargajiya a filayen karkara, amma gidaje kaɗan ne suke da ita. Abin da aka fi samu shi ne takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa ko dagaci, ko kuma shaidar dattawan da suka ga rabon gado. A nemi waɗannan tun suna raye. Idan shaida ta yi ƙaranci, fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasarmu yana duban jikin ginin kansa: a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an ce ana hukunta bango ga wanda ɗaurin ginin yake fuskantarsa, wato wanda bangon ya sarƙu da sauran gininsa. Tsohon magini yakan gane wannan da ido, idan ya duba kusurwar da katangar ta haɗu da ɗaki.

Kafin a rushe tsohuwar katanga, a kafa turaku a bakinta biyu, a ja igiya a gaban maƙwabci da shaidu, a ɗauki hoto da waya. Idan katanga ta faɗi ba a yi haka ba, shaidar iyaka ta faɗi tare da ita. Kuma katangar ƙasa ta fi ta bulo kauri nesa ba kusa ba, saboda haka idan za a maye gurbinta da bulo mai inci 6 ko inci 9, akwai ragowar ƙasa da dole a san ta wa ce. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci ya isa ya sa mutum ya tsaya a auna.

Idan katangar tawa ce ni kaɗai, dole ne sai na sanar da shi?

Dole ne a wajen mutunci, kuma amfaninka ne. Ranar da aka rushe katanga, tsakar gidansa ta buɗe, iyalinsa suna bayyane ga leburori, awakinsa kuma sun sami hanya. Sanarwar mako biyu tana ba shi damar kawar da murhu, turke ko rumbun da ya jingina da bangon. Wanda yake aikin shi ne zai kafa zana ko buhu ya suturta gidan maƙwabci har a gama, kuma ya fi kyau a riƙa rushewa ana ginawa sashe-sashe maimakon a buɗe tsawon gidan a rana ɗaya.

Ka je da kanka, kada ka aika yaro. Idan ya girme ka, bayan gaisuwa sai ka ce: "Baba, na zo ne in nemi shawararku a kan katangar nan, ina so in taɓa ta bayan sallah, amma ban so in sa hannu ba sai kun gani." Na sha ganin dattijon da aka zo wa ta wannan hanya ya kawo nasa buhun siminti ba a roƙe shi ba.

Idan ta haɗin gwiwa ce, sanarwa ba ta isa ba, sai da yardarsa. A rubuta abin da aka yarda a kai: tsayin katangar, kaurin bulo, abin da kowa zai biya, wanda zai gyara idan ta tsage, da ko an yarda wani ya ɗora rufi ko ya manna waya a jikinta. Mai unguwa da shaidu biyu su sa hannu, kowane gida ya riƙe kwafi. Wasu suna jin kunyar rubutu tsakanin 'yan uwa, alhali takardar ba domin su biyun ake yin ta ba, domin 'ya'yansu ne da wanda zai sayi gidan wata rana.

Zan iya binne waya a cikin katangar da muke tarayya a kanta?

Ba na ba da wannan shawara, ko da maƙwabci ya yarda. Wayar da aka binne a bango mutum ɗaya ne ya san inda ta bi, bangon kuwa fuska biyu gare shi. Ranar da uwargidan maƙwabci za ta buga ƙusa ta rataya igiyar shanya, ba ta da hanyar sanin cewa akwai wuta mai ƙarfin bolt 230 a bayan yaɓen. Bulo mai rami fatarsa siririya ce, doguwar ƙusa tana iya ratsa ta. Haka kuma sassaƙar bango domin shigar da bututu tana raunana shi, musamman idan an yi ta a kwance, kuma katangar tsakar gida ba ta da rufin da zai kare ta daga ruwa.

Katangar ƙasa ta fi haɗari. Tana shan danshi duk damina, gara tana bin cikinta, ana yi mata sabon yaɓe lokaci-lokaci, kuma idan Agusta ta yi nauyi tana iya zubewa da dare ta ja wayar ta faɗa cikin ruwan da ya kwanta a tsakar gida biyu.

Idan ana buƙatar fitila a wajen, hanya mafi aminci ita ce a kafa ƙarfe ko ginshiƙi a cikin filinka a ɗora ta. In ba makawa sai an bi jikin katangar, a sa wayar cikin bututun roba, a manna shi a fili ta ɓangarenka da gajerun ƙusoshi, a yi amfani da makunni da mazaunin ƙwai irin na waje da ruwa ba ya shiga. A cikin ɗakunanka ma, ka sa mai aiki ya ja bututu a miƙe, sama ko gefe daga soket da makunni, kada ya yanke hanya a karkace, domin wanda zai buga ƙusa nan gaba ya iya hasashen inda waya take.

Wace irin waya zan saya, kuma yaya ake lissafin nauyin da za ta ɗauka?

A ƙa'idar aikin gida, waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta fitilu da fankoki ce, mai 2.5 ta soket, mai 4 ko 6 ta kaya masu nauyi irin su na'urar sanyaya ɗaki da babbar hita, wadda ta taso daga mita zuwa akwatin rarraba wuta kuma 10 ko 16. Lissafin ba shi da wuya: a raba wat ɗin da aka rubuta a jikin kaya da 230, abin da ya fito shi ne amfiya. Dutsen guga mai wat 1,000 yana jan fiye da amfiya 4, hita mai wat 2,000 tana jan kusan 9. Soket ɗinmu mai baki uku iyakarsa amfiya 13, don haka hita da dutsen guga a kan abin jona guda ɗaya sun riga sun kai shi maƙura.

Bireka, wato makunnin da ke faɗuwa ya yanke wuta idan nauyi ya yi yawa, aikinta kare waya ne, saboda haka ba a sa wadda ta fi ƙarfin wayar. Ana sa mai amfiya 6 ko 10 a layin fitila, mai 20 a layin soket na waya 2.5. Idan bireka tana yawan faɗuwa, tana gaya maka ne cewa kaya sun yi yawa ko akwai matsala, kuma wanda ya canza ta da babba ya toshe bakin mai gargaɗi ne kawai. A raba gidan layi-layi: zaure da shago daban, ɗakunan kowace mata daban, famfon rijiya daban.

A garuruwan da ke nesa da taransifoma wuta takan zo da rauni, kuma injin firji ko na famfo yana ƙara zafi a irin wannan hali. Wannan dalili ne na ƙara kaurin waya idan tazarar tana da tsawo, ba na ragewa ba.

Yaya zan kauce wa jabun waya?

Ka kankare bakin wayar da wuƙa. Idan jan ƙarfe ne na gaske, ja zai ci gaba da fitowa har ciki, idan kuwa fari ya bayyana, alminiyom ne aka shafa wa launi. Ka ɗaga naɗin ka ji nauyinsa, ka duba sunan kamfani da girman wayar a jikin rigarta, da tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kaya. Ka je kasuwa tare da mai aikin amma ka biya da hannunka, ka karɓi rasit. Idan kuɗi ya gaza, gara a yi rabin gida da waya mai kyau bana, a ƙarasa baɗi.

Mai aiki ya ce sai an binne ƙarfe a ƙasa. Ba ƙarin kashe kuɗi ba ne kawai?

Ba ƙari ba ne, shi ne ginshiƙin aikin. Wayar ƙasa, wadda masu sana'a suke kira atin, ita ce take ɗauke wutar da ta ɓalle zuwa jikin firji ko famfo ta kai ta ƙasa maimakon ta bi ta jikin mutum. Ana kafa sandar jan ƙarfe mai tsawon ƙafa 4 zuwa 6 a wuri mai danshi, a ja koriyar waya daga gare ta zuwa kowane soket. A jigawa mai rairayi, inda ƙasa take bushewa ƙayau da rani, sanda ɗaya ba lallai ta wadatar ba, sai an auna da na'ura a gani. Sandar ta kasance cikin filinka, nesa da harsashin katangar iyaka.

Tare da ita a sa na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ta ji yoyon da ya kai miliamfiya 30. A gidan da yara suke yawo ba takalmi a kan jiƙaƙƙen daɓe, ban san wani kaya da ya fi ta cancantar kuɗinsa ba. Mutanen yankin Haɗeja, Auyo da Ringim, waɗanda suka ga ambaliyar 2022, su ɗaga soket sama da mita ɗaya daga daɓe, akwatin rarraba wuta kuma ya fi haka.

Ina da janareta, kuma ina shirin sa sola. Me zan tanada tun yanzu?

Makunnin sauya layi, wanda yake raba wutar KEDCO, kamfanin rarraba wuta, da ta janareta ko solar gida ta yadda ba za su taɓa haɗuwa ba. Masu cusa wayar janareta a soket suna mayar da wuta kan layin gari, inda za ta iya kashe ma'aikacin da ya hau turke yana zaton babu wuta. Domin sola, a ware layin fitilu, fankoki da cajin waya daban tun yanzu, a bar bututu daga rufi zuwa inda batir zai zauna, wuri mai iska wanda ba ɗakin kwana ba. Janareta kuma kada a ajiye shi a gindin katangar iyaka inda hayaƙinsa zai shiga tagar maƙwabci, domin hayaƙin nan yana kisa cikin barci.

Gidan gado ne muka raba da yayana, mita ɗaya ce, wayoyin kuma sun ratsa ɓangarorin biyu. Yaya za mu yi?

Irin wannan gida shi ne ya fi ba ni tsoro. An ja katanga a tsakiya, amma tsohuwar waya tana nan tana bi ta cikin silin daga wannan sashe zuwa wancan. Ƙane yakan kashe makunninsa ya hau gyara, ashe layin daga ɓangaren yayansa yake samun wuta. Kafin a aza katangar rabo, a kira mai aiki ya bi kowace waya ya gano mafarinta, a yanke duk wadda ta tsallaka iyaka a cire ta ɗungurungum, kada a naɗe bakinta a bar ta a rufi.

Daga nan kowane gida ya nemi layinsa da mitarsa daga KEDCO, kamfanin da yake rarraba wuta a Kano, Jigawa da Katsina tun 2013. Kafin mitar ta samu, aƙalla kowane sashe ya sami akwatinsa da babban makunninsa. Jefa waya ta saman katanga domin a taimaki ɗan uwa yana farawa da zumunci, amma kuɗin wata yakan kawo saɓani, wayar kuma tana kwance a rana da ruwa a inda yara suke hawa.

Ina so in ƙara wa katangar tsayi in ɗora rufin ɗaki a kanta. Ya halatta?

Hadisin Abu Huraira ya hana mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a bangonsa, sai dai malaman Malikiyya sun ɗauke shi a matsayin abin so, alƙali ba ya tilasta mai bango. Ma'ana, idan bangon nasa ne, roƙo za ka yi, shi kuma ya kyautu ya yarda in babu cutarwa. Amma ko ya yarda, sai magini ya tona ya duba harsashin, domin katangar da aka yi don sutura ba a yi ta don ɗaukar rufi ba. Sau da yawa ya fi sauƙi ka tayar da naka bangon mai inci 9 a cikin filinka.

Ƙa'idar da ta hana cuta da cutarwa ita ce ma'aunin sauran. Kada ka buɗe tagar da take leƙa tsakar gidansa. Kada bakin kwanonka ko indararonka ya zuba a gidansa ko a kan katangar, ruwan rufinka ya sauka a filinka ya bi magudanarka zuwa waje. Kada ka haƙa masai ko ramin wanka a gindin bangon, ko da cikin gidanka ne, saboda danshi zai ci harsashin, kuma masana lafiya suna so a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya, har da rijiyar maƙwabci.

Katangar ta karkata, shi kuma ya ce ba shi da kuɗin gyara. Me zan yi?

Ka fara kawar da yara da dabbobi daga gindinta, ka cire duk wayar da ke jikinta a yau. Idan rashi ne na gaskiya, kana iya ginawa a rubuta cewa zai biya rabonsa bayan girbi, ko ya biya da aikin ƙarfi da ɗebo yashi. Idan ƙi ne, a kai wa mai unguwa, daga nan dagaci, daga nan hakimi, kotun shari'a ta zama ta ƙarshe. Kada ka rushe ta da dare don fushi.

Layin wuta ya bi ta saman inda zan yi ginin, mitar kuma tana jikin bangon da za a rushe.

Mita da wayar da ta taso daga turke ba hurumin mai wayarin gida ba ne, sai an sanar da ofishin KEDCO mafi kusa su zo su cire su mayar. Babban layi kuwa ba a gini a ƙarƙashinsa: an ware faɗin mita 30 ga layi mai kilobolt 132, mita 50 ga mai 330. Ko ƙaramin layin unguwa ne, a gargaɗi leburori, domin rodi da fallen kwano da ake ɗagawa sama su ne suka fi taɓo waya.

Wa zan ba aikin, kuma me zan duba kafin in biya cikon kuɗi?

Ka ba wanda ka ga aikinsa a gidan da ya shekara biyu ko uku, kuma ka tambaye shi takardar shaidar ƙwarewa, wadda hukumar NEMSA, da aka kafa da dokar 2015, take bai wa masu aikin haɗa lantarki. A rubuta jerin kaya daban, kuɗin hannu daban, a biya kashi-kashi.

Kafin cikon ƙarshe, ya auna atin a gabanka, ya danna maɓallin gwajin na'urar yanke wuta ka ga ta faɗi, ya kashe bireka ɗaya bayan ɗaya a rubuta sunan ɗakin da kowace take riƙe da shi. A kunna kayan gidan na tsawon sa'a ɗaya, sannan a bi soket-soket ana taɓawa a ji ko akwai mai zafi. Ka ɗauki hoton bututun tun kafin filasta ta rufe shi, ka sa ya zana maka hanyar wayoyin a takarda. Idan akwai bututun da ya bi jikin katangar iyaka, ka kira maƙwabcinka ka nuna masa inda yake da makunnin da ke kashe shi, sannan ka ajiye zanen tare da takardar da mai unguwa ya sa wa hannu.